Bayan an nade siwan, wa ke komawa gidan sojan da ya fadi?

Mijin kanwata soja ne, karamin soja mai igiya biyu, ya haura shekara goma yana sanye da kaki. Ya fadi a fadan da akai wajen Jabal Moya a nan Sudan cikin watan Oktoban 2024, lokacin da jesh, wato sojojin gwamnati, ke kokarin bude hanyar Sinnar. Bamu ga gawarsa ba. Wani abokin aikinsa ne ya bugo waya bayan kwana hudu yace da hannunsu suka binne shi a gindin dutse, shi da wasu mutum biyu, ya kwatanta mana wajen iya yadda zai iya, layi ya yanke, shikenan.

Nan Gadarif muka kafa siwan, wato rumfar zaman makoki, a kofar gida. Wallahi an zo, bazan ci hakkin mutane ba. Hausawan unguwa, Larabawa, Beni Amir, mutanen kasuwa, kowa ya shigo ya daga hannu ayi fatiha ya zauna, shayi da gahawa na zagayawa, makwabta na shigo da tire tire na abinci, littafin kashf da ake rubuta gudummawa ya cika shafi da shafi. Hotonsa da tutar Sudan a bayansa ya zagaye WhatsApp da Facebook, kowa ya dora a status, shahidin kasa, gwarzo, zaki. Wani babba cikin kaki yazo rana ta biyu yayi jawabi mai kyau har mutane na share hawaye, yace yaran nan hudu daga yau 'ya'yanmu ne gaba daya. Ran na hudu da safe mai siwan yazo da motarsa ya nade kayansa ya kirga kujerunsa ya tafi. Na tsaya a kofar gida ina kallon ramukan da turaku suka bari a kasa, daga ciki kuma ina jin karamar yarinyar tana tambayar uwarta wai yau baki bazasu zo ba?

Basu zo ba. Kuma abinda ya sani rubutun nan kenan. Mu mutane ne da muka iya makoki, mun iya yabon mamaci, amma abinda ke biyo bayan kwana uku har yanzu bamu iya shi ba, daga gwamnati har mu talakawa. A ganina karrama sojan da ya mutu ba a hoto yake ba, ba a jawabi ba, a tukunyar gidansa yake da kudin makarantar 'ya'yansa da bashin da ya bari da takardun da matarsa ke bi ofis ofis. Wanda bai taba daya daga cikin wadannan ba to gaisuwa yayi, Allah ya bashi ladan gaisuwa, amma kada ya kira ta karramawa.

Bari in fara da takardu don nan ne na fi shan wuya. Kanwata tana takaba, wata hudu da kwana goma, ba ita za ta rika yawon ofis ba, ni na dauki fayil din. Ana neman shaidar mutuwa daga rundunarsa, ana neman kasima wato takardar aure, ana neman takardar kotu mai nuna su waye magada, ana neman rakam watani wato lambar dan kasa ta uwa da ta kowane yaro, sannan a bude asusu a banki. Duk wannan a lokacin lafiya ma aiki ne. To ina ga matar da ta gudo daga Sinja a karshen watan Yunin 2024 ranar da Da'am, wato dakarun RSF da ke yakar sojoji, suka shiga gari, ta biyo ta Dindir da goyo a baya da yara uku a hannu, ko takalmin kirki babu? Takardunta duk suna cikin akwatin karfe a gidan da ta baro, da aka kwato Sinja a watan Nuwamba wani dan uwa ya leka gidan yace ko kofa basu bari ba balle akwati. Ana cikin haka a watan Disamba aka zo da canjin kudi, 'yan dari biyar biyar da dubu dubu, wai kowa ya zuba nasa a asusu, kudin kashf din da aka tara mata kuwa a kulle suke cikin dankwali, ita ba asusu, asusu kuma sai da lamba, lambar sai da takarda. Sai cikin nawa asusun muka zuba. Ita tana da yaya. Wadda bata da kowa fa?

A wani ofis, bazan fadi sunansa ba, na mika takardu ma'aikacin ya duba sunan ya dago yace kabila? Nace Hausa. Yace kakanku daga ina yazo? Wallahi sai da naji jiri. Nace masa mutumin da sunansa ke jikin takardar nan yana kwance a gindin Jabal Moya, ranar da aka bashi bindiga ba wanda ya tambaye shi kakansa. Yayi shiru, daga baya ya bani hakuri ya kuma yi min aikin, na yaba masa wannan. Amma tambayar ta kwana dani.

Don ba yau aka fara yi mana ita ba. Kakanninmu wasu alhazai ne da suka biyo hanyar Makka a kafa suka zauna, wasu kuma sun taso ne bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka biyo dansa Muhammadu Bello Mai Wurno har bakin kogin Bahar Azrak inda garin Mai Wurno yake yau kusa da Sinnar. Sai dokar zama dan kasa ta 1957 tazo tace sai wanda kakanninsa ke nan tun karshen 1897, kaga da 'yan shekaru kadan aka bar dimbin mutanenmu a waje, alhali su suka noma audugar Jazira suka noma ridi da dawar Gadarif. An gyara dokar daga baya, ta 1994 ta maida ma'aunin zuwa 1956, amma abinda ya zauna a kan mutane doka bata goge shi dare daya. Mun gani a 2022 a jihar Nil Azrak, watan Yuli sannan Oktoba a Wad al-Mahi, aka kashe daruruwan mutane akan maganar wai Bahaushe bako ne bashi da kasa. Shekara bata zagayo ba yaki ya barke ranar 15 ga Afrilun 2023, 'ya'yan wadannan bakin suna cikin wadanda suka tsaya a gaba. Shi yasa nake cewa marayan sojan Bahaushe maraici biyu ke jiransa in bamu tashi ba, na rashin uba da na rashin takarda.

Ba wai ina cewa hukuma bata yin komai ba ne. Kasa ce da ake yaki a cikinta, hedkwatar ma'aikatu ta tashi daga Khartum ta koma Port Sudan a 2023, fayiloli sun kone, kwamfutoci an sace, malaman makaranta ma sunyi watanni ba albashi. Akwai Munazzamat al-Shahid da aka kafa tun zamanin tsohon shugaba Umar al-Bashir don iyalan wadanda suka fadi, akwai Diwanin Zakka, kuma na san gidajen da aka kai wa buhun dawa da mai da 'yan kudi. Amma abin babu tsari, wanda ya san wani shi ake tunawa dashi. Sannan ko kudin sun fito me suka tarar? Kafin yaki dala daya wajen fam 600 take, tuntuni ta haura 2,000. Ma'ashin, wato fanshon, da aka yanka da lissafin jiya, yau ko gawayin wata baya saye.

Abinda ke bani mamaki shine addininmu bai bar wannan maganar a dunkule ba. Da Ja'afar dan Abu Dalib ya yi shahada a Mu'uta shekara ta 8 bayan hijira, Annabi (SAW) da kafarsa ya taka gidan, yasa aka kawo masa yaran ya rungume su idanunsa na zubar da hawaye, sannan yace a dafa wa iyalan Ja'afar abinci don abinda ya shagaltar dasu ya same su. Bai tsaya nan ba, ya koma gidan bayan kwana uku, yasa aka kira wanzami aka yi wa yaran aski, ya kwantar wa uwarsu Asma'u hankali akan tsoron talauci. Ku duba fa, bayan kwana uku, daidai ranar da mu muke nade siwan. Haka Jabir dan Abdullahi da babansa ya fadi a Uhudu ya bar masa bashi da kanne mata, Annabi da kansa yaje gonar dabinon ya tsaya har aka biya masu bin bashi. Kuma shi ya gaya mana ana gafarta wa shahidi komai banda bashi, ya kuma ce wanda ya tsaya wa iyalan mai fita yaki da alheri shima yayi yakin. Malamanmu na karanta ayar da ke cewa shahidai rayayyu ne a wajen Ubangijinsu a kowane zaman makoki, gaskiya ne kuma tana sanyaya zuciya, amma ban cika jin wanda ya mike a cikin siwan yace jama'a mamacin nan nawa ake binsa ba. Surukina ya bar bashin mai shago da sauran kudin wata raksha, keke mai kafa uku na haya, da ya karba biya kadan kadan don matarsa ta rika samun na cefane in yana daji. Mai rakshar mutumin kirki ne ya jira har aka gama takaba kafin yazo, da yazo ma kansa a kasa. Mu uku muka hada muka biya, ni na san a ranar nafi jin na yi wa mamacin wani abu fiye da ranar da na dora hotonsa.

Ina yaro a shekarun 1990 lokacin yakin Kudancin Sudan naga abinda ake kira ursush shahid, bikin auren shahidi. Sai a zo gidan da aka yi rashi da motoci da lasifika da kabbara, a ce wa uwa kada tayi kuka tayi guda don danta ango ne a aljanna, a sauke buhunan sukari a tafi. Na san wata tsohuwa a unguwarmu da akai wa haka. Bayan shekaru, an sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a 2005, Kudu ta balle a 2011, ita kuma tana bakin tasha tana sayar da shayi da jikoki biyu a gefenta har Allah ya karbi ranta. Bana so kanwata ta zama ita. Bana so kuma a sake hana wata uwa kuka, wanda ya fi mu duka yayi hawaye akan Hamza da Ja'afar.

Akwai wadanda halinsu yafi na kanwata tsanani, don ita ko ba komai an ce mata ya mutu, tayi takaba ta fita. Matan wadanda suka bace fa? Mijinki yana Nyala ko Zalinji ko wani bariki a Khartum ranar da wajen ya fadi, daga nan waya ta daina shiga, wani yace an kama shi, wani yace ya ganshi a bidiyo, wani yace ya mutu a tsare. Ke ba matar aure ba ke ba bazawara ba, ba gado ba ma'ash, albashin ma wani lokaci a tsaya ana jiran tabbaci. Wata a layinmu duk bidiyon fursunoni da ya fito sai ta karbi wayar makwabta ta rika tsayar dashi tana duba fuskoki daya bayan daya. Shari'a tana da babin mafkudi wato wanda ya bace, Sayyidina Umar ya yanke wa matar wanda ya bace jiran shekara hudu sannan tayi idda, malaman Malikiyya kuma sun yi bayani dalla dalla akan wanda ya bace a fagen fama, amma wannan hukunci ne na alkali, ba na 'yan zaman majalisa ba. Abinda nake roko shine malamanmu su daina jin nauyin maganar, su zaunar da matan nan su gaya musu hakkinsu su raka su kotu, kuma kafin nan a rika ciyar dasu kamar yadda ake ciyar da matar wanda aka tabbatar.

Sai mustanfirin, wato 'yan sa kai. Tun da shugaban sojoji Burhan yayi kira ga matasa a watan Yunin 2023, balle bayan birnin Madani ya fadi a hannun Da'am a Disambar shekarar, yara suka rika tururuwa sansanin horo, dan kasuwa, dalibi, mai turin baro, sati kadan a basu bindiga. Da yawansu basu da lambar soja irin ta dindindin. In irin wannan ya fadi uwarsa ma bata san kofar da zata kwankwasa ba. Ranar da aka kwato Madani 11 ga Janairun 2025 nan Gadarif har dare ana guda ana hon, nima na fita, haka ranar da sojoji suka shiga fadar shugaban kasa a Khartum a watan Maris. Amma ina cikin taron nan ina tuna wani yaro dan layinmu mai gyaran waya da aka dawo dashi kafa daya, yana daki yana jin gudar ta taga, kudin allurar ciwonsa uwarsa ke nema gida gida. Wanda ya rasa kafa bai samu ko siwan din ba.

Na san abinda wasu zasu ce, an ma fada min a fuska. Wai me yasa soja kadai, fararen hular da suka mutu a yakin nan basu fi yawa ba? Wanda jirgi ya sakar wa bam a kasuwa, wanda aka harbe a kofar gidansa a kauyukan Jazira, wanda kwalara ta dauke a sansani, su ba mutane bane? Mutane ne, kuma duk abinda na fada akan bashi da abinci da makaranta ya hau kansu. Na ware soja ne saboda abu daya, shi kasa ce ta kira shi ta tura shi inda ta san ana mutuwa, akwai alkawari tsakaninsu, kuma alkawari kaya ne. Wani kuma yace ai sojojin ma ba duka ne hannunsu ke da tsabta ba. Haka ne, an yi abubuwa a yakin nan ta kowane bangare da ba mai imanin da zai kare su, wanda yayi laifi a tuhume shi. Amma yarinya 'yar shekara hudu me ta aikata? Zan ma kara da abinda na san bazai yi wa wasu dadi ba, yaran da ubansu ya mutu a bangaren Da'am suma marayu ne. Bazan taba kiran uban nasu gwarzo ba bayan abinda naga an yi wa Sinja, amma in muka bar 'ya'yan da yunwa da gori to mun rene wa kanmu wani yakin nan da shekara goma sha biyar.

Wani abin kuma namu ne na cikin gida, ba ruwan gwamnati. Da zarar an ji kudin mamaci zasu fito sai kaga dangin miji da ko gaisuwar bakwai basu zo ba sun bayyana, wannan yace shine waliyyin yara, wancan yace a bashi katin banki ya rike. Uwa da uban mamaci suna da rabonsu a gado, Allah ne ya basu ba mai hana su, amma rabon marayu amana ce, kuma ayar da tayi magana akan masu cin dukiyar maraya kowa ya santa. Sannan masu zuwa da zancen aure tun mace bata wanke takaba ba, wasu don Allah wasu don ma'ash. Auren bazawarar shahidi abu ne mai kyau, Sayyidina Abubakar ya auri Asma'u bayan Ja'afar, amma a barta ta numfasa ta zaba da kanta. Da masu kawo buhu daya da masu daukar hoto biyar, a tsayar da mace a jikin buhu da 'ya'yanta a watsa a Facebook. Kanwata ta taba maida irin wannan kayan, tace min Yaya gara mu kwana da ruwan bunu da 'ya'yana su girma su tarar da hoton nan. Ban ce mata komai ba don gaskiyarta ne.

Abinda muka fara a masallacinmu ba wani babban abu bane, na kawo shi ne ko wata unguwa zata dauka. Mun sayi littafi muka rubuta gidajen da aka rasa mai gida a yakin nan, soja da mustanfir da wanda ya bace da farar hula, kowane gida aka damka shi a hannun mutum biyu da sunansu, don abin kowa da kowa shine abin ba kowa. Aikinsu su leka duk Juma'a, su san ko yara na zuwa makaranta, su san ko akwai mara lafiya. Wani tsohon soja mai ritaya da ya san kan ofisoshi ya dauki bin fayiloli, shi kadai ya fi mu goma amfani don ya san wace takarda ke gaban wace. Mata suka bude adashi suka sa zawarawan a ciki ba tare da sun zuba na farko ba. Da damina akai gayya, nafir kamar yadda ake cewa nan, aka nome wa gida biyu gonarsu ta dawa. 'Yan uwanmu na Jidda da Makka da Madina kuma, Allah ya saka muku, kudin da kuke turowa ta manhajar banki ta Bankak ne ya rike gidaje da yawa, rokona daya ne, maimakon dunkulen kudi sau daya da azumi ku yanka kadan duk wata ku dauki gida daya ku rike, mace ta san ran kaza abu kaza na zuwa sai ta iya tsara rayuwarta.

Hukuma kuwa abinda nake nema gareta bai fi karfinta ba ko a cikin yaki. Kada a tsayar da albashin wanda ya fadi sai ranar da ma'ash ya fara fita. A karbi shaidar abokan aikinsa biyu in babu gawa babu takarda. A yafe wa 'ya'yansa kudin makaranta da na asibiti da kati daya wanda ba sai an roki kowa ba, a kuma sa mustanfir cikin lissafi. Sannan a rubuta sunaye da wajen da aka binne kowa tun wadanda suka yi binnewar suna raye suna tunawa. A Khartum an fara tono wadanda aka binne a makarantu da tsakar gidaje da gefen titi ana maida su makabarta, to na daji fa, na gindin duwatsu da bakin kwari?

Babban dan kanwata shekararsa goma sha daya. Kwanaki muna dawowa daga sallar magariba ya rike min hannu yace Kawu, in an gama yankan ridi zaka kaini inda Baba yake? Nace in sha Allahu. Na nemo abokin aikin nan da ya bugo mana waya, yanzu yana jinyar hannu a Sinnar, yace yana gane wajen, akwai wata bishiyar aduwa da dutse mai tsage a kusa, amma mu yi sauri kafin wani ruwan ya sake bi ta kai. Na kai wa mai walda guntun karfe ya rubuta sunan da shekarar. Sauran mutum biyun da ke kwance tare dashi daya dan Kasala ne, dayan har yanzu muna cigiyar danginsa, abokin nasu sunan farko kawai ya rike. Na ce wa mai waldan ya yanko karfe uku.